Yadda ake ɗaukar hoton mazari da tsuntsayen ruwa a fadama

Mazari da tsuntsun ruwa wuri ɗaya suke zama, amma ba dabara ɗaya ke kama su ba. Mazari idan ka kore shi zai kewaya ya dawo kan tsinken da ya tashi, tsuntsu kuwa idan ya tashi ya tafi ke nan, kuma ba shi kaɗai zai tafi ba, har da duk garken da ke kusa da shi. Saboda haka mazari ana bin sa a hankali har a matso, tsuntsu kuma zama ake yi a jira ya zo da kansa. Wanda ya riƙe wannan bambanci zai samu hoto mai kyau ko da kyamararsa ta gwanjo ce.

Wuri da lokaci

Ba sai an yi doguwar tafiya ba. Kududdufin bayan gari, bakin dam, gonar shinkafa da ruwa ya kwanta, duk akwai mazari da balbela da zalɓe. Mai son ganin tsuntsaye da yawa a wuri guda kuwa, dausayin Hadeja da Nguru ne wurin zuwa, inda kogin Hadeja da na Jama'are ke malala su cika fadamu. Tafkin Nguru da mashigin Marma sun shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, Baturiya ta Jigawa da Dagona ta Yobe suka biyo baya a 2008. A Bauchi akwai tafkin Maladumba kusa da Misau, a Nijar akwai na Madarunfa da Tabalak da Gidimuni.

Mazari ya fi yawa daga tsakiyar damina zuwa kaka, lokacin da ruwa ya kwanta ko'ina. Tsuntsaye kuwa lokacinsu daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu, saboda dalili biyu. Baƙin da ke gudun sanyin Turai da Asiya sun iso, sannan ruwa ya fara janyewa, kifi da kwaɗi sun taru a 'yan wurare kaɗan, tsuntsaye ma dole su taru a nan. Shamuwa ce ta saɓa, ita da damina take zuwa, kafin hunturu ta wuce kudu. A Janairu rana na fitowa a yankin Nguru wajen bakwai saura kwata, don haka wanda zai ɗauki tsuntsu ya kamata daga sallar asuba ya wuce bakin ruwa, ya zauna tun gari bai gama wayewa ba.

Kayan aiki

Lens mai zuƙowa na 70-300mm yana daga cikin masu arha da za su yi aikin biyu. Idan kyamarar mai ƙaramin faranti ce, wato sensar da hoto ke sauka a kai, irin su Nikon D3500 ko Canon 2000D, 300mm ɗin yana ba da kusan abin da 450mm ko 480mm zai bayar a babbar kyamara. Kafin ka saya, duba rubutun da ke jikin lens ɗin wanda ke nuna mafi kusancin da zai iya kama fokas. Wanda ke kamawa daga mita 1 zuwa mita 1.2 ya fi wanda sai mita 1.5, domin a wajen mazari wannan 'yar tazarar ita ce bambancin ƙwaro ya cika hoto ko ya zama ɗigo. Lens na makro, wato na ɗaukar ƙananan abubuwa a kusa, mai 90mm ko 105mm yana fitar da ƙwayoyin idon mazari tar, sai dai yana bukatar ka matso kusa sosai, kuma ba ya amfani ga tsuntsu.

Akwai kyamarori masu lens a manne irin Nikon P950 da Canon SX70. Suna zuƙo abu daga nesa ƙwarai, suna da sauƙin ɗauka, kuma ga tsuntsun da ke tsaye a haske mai kyau ba su da laifi. Rauninsu shi ne duhun asuba da tsuntsu mai tashi. Waya kuma kada a raina ta a wajen mazari da sassafe, amma a bar zuƙowar da ake yi da yatsu biyu, yanka hoton kawai take yi.

Sauran kaya: batir biyu, memori na ajiya, abin hura ƙura, babbar leda mai zif, hula, ruwan sha, da ɗan buhu da aka ɗura wa wake ko shinkafa kamar mudu ɗaya. Wannan buhun ya fi sandar kyamara mai ƙafa uku amfani a bakin ruwa, domin a ƙasa za ka ajiye shi ka ɗora lens a kai. Tufafi su zama masu ruwan ƙasa ko kore mai duhu. Farar riga da farar hula tun daga nesa suke shelar zuwanka.

Abubuwa uku ne ake juyawa a kyamara. Ƙofar haske, wadda ake rubutawa f/5.6, f/8, f/11, kuma duk lokacin da lambar ta ƙaru ƙofar tsukewa take yi, abin da ke fita sarai daga gaba zuwa baya ya ƙaru. Sai saurin ƙiftawa, 1/500 ko 1/2000 na daƙiƙa. Sai ISO, wanda ɗaga shi ke ba da damar aiki a ƙarancin haske amma yana kawo tsakuwa-tsakuwa a hoto. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa kyamara a M, wato saitin hannu, a zaɓi ƙofa da sauri da hannu, a bar ISO a kan oto tare da yi masa iyaka a 3200. Idan kyamarar na ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da ya fi karɓar gyara a kwamfuta, a yi amfani da shi.

Mazari

Da farko ka tsaya minti biyar ba tare da ka ɗaga kyamara ba, ka raba su gida biyu. Akwai masu shawagi, irin babban nan mai koren ƙirji da shuɗin ciki da ke sintiri a kan ruwa, da mai ruwan ɗorawa da ke yawo garke-garke a sama bayan an yi ruwa, wanda masana ke kira Pantala flavescens. Waɗannan ba su cika sauka ba, ka ƙyale su tukuna. Sai masu zama, waɗanda ke kama tsinke ɗaya ko kan kara, su zabura su cafko sauro ko su kori abokin gaba, su dawo wurin da suka tashi. Su ne abin nemanka. A fadamun ƙasar Hausa za ka yawaita ganin ja wur mai faffaɗan ciki, Crocothemis erythraea, tsawonsa kamar santimita 4, da mai launin makuba da jajayen jijiyoyi a fiffike, Trithemis annulata, wanda ke sauke fikafikansa ƙasa idan ya zauna. Matansu galibi ruwan ƙasa ne ko rawaya-rawaya, shi ya sa sabon shiga ke zaton wani iri ne dabam. Akwai kuma ɗan baƙin nan mai ɗamara a kowane fiffike, na dangin Brachythemis, wanda ke bin ƙafar mutum da ta shanu a bakin ruwa yana cin ƙwarin da suka tayar. Shi a ƙasa yake sauka, sai ka kwanta rub da ciki kafin ka same shi da kyau.

Namiji yana tsare wurinsa ne domin jiran mace, wannan ne ya sa yake komowa. Idan ka gano tsinken da ya fi so, ka matsa daga gefe, kana duƙe, taku ɗaya ka tsaya, wani takun ka tsaya. Idon mazari ya kusa rufe kansa duka, yana gani ta kusan kowace fuska, kuma motsi mai sauri ne ke razana shi, musamman ɗaga hannu farat ɗaya ko inuwarka ta faɗa masa. Don haka ka ɗora kyamara a fuska tun kana mita uku, ka riƙa matsawa da ita a haka, kana ɗauka a kowane taku. Idan ya tashi kada ka bi shi da lens. Ka tsaya cak, ka bar fokas a kan tsinken, sau da yawa kafin ka ƙirga ashirin ya dawo. A lokacin da ya tafi ne ma za ka ƙara taku ɗaya.

Idan tsinken da yake hawa na cikin cunkoson ciyawa, ka samo busasshen kara mai tsawon mita ɗaya ka kafa a bakin ruwa, ya ɗan fi na kewaye tsayi, a wurin da bayansa ke da fili. Masu zama suna son wuri mafi tsayi, kuma sukan karɓi sabon karan cikin ɗan lokaci. Ka zaɓi kara mai kyan gani, tun da zai fito a hoton.

Babban abin da ke ɓata hoton mazari shi ne kai ya fita sarai jela ta dushe, ko akasin haka. Dalili shi ne idan ka zuƙo da 300mm daga mita ɗaya da rabi a f/8, kaurin wurin da ke fita sarai bai kai santimita ɗaya ba, ƙwaron kuwa ya kai huɗu. Tsuke ƙofa zuwa f/22 ba ya magance wannan, sai ma ya sa hoton duka ya yi laushi kuma ya cinye haske. Maganin yana ga inda ka tsaya. Ka daidaita kanka yadda jikin mazarin zai gitta a gabanka, kansa da jelarsa nisansu ɗaya da lens, kuma lens ɗin na daidai tsayinsa, ba daga sama kake leƙo shi ba. Idan fikafikai kake so su fita duka huɗu, sai ka koma ta bayansa daga sama, bayan kyamara ya yi daidai da shimfiɗar fikafikan. Ba a samun duka biyun a hoto ɗaya, a zaɓi guda. Ko wanne ka zaɓa, ɗigon fokas ɗaya tak za ka yi amfani da shi, ka ɗora shi a kan ido. Idan ka bar kyamara ta zaɓa, fiffiken da ya fi kusa ko ciyawar baya za ta kama.

Ka fara da f/8 zuwa f/11, sauri 1/500. Idan iska na kaɗa karan ka ɗaga zuwa 1/1000, ka jira lokacin da ta lafa, ka saki hoto uku ko huɗu a jere, na tsakiya yakan fi fita. Jan mazari yana da wata matsala tasa: a rana mai ƙarfi jan yakan cika ya toshe, gaɓoɓin cikinsa su ɓace ya zama kamar an shafa fenti. Ka rage haske da madannin +/- zuwa -0.3 ko -0.7.

Bayan hoto shi ne rabin kyansa. Kafin ka danna, kalli abin da ke bayan ƙwaron. Idan ciyawar baya na nesa da mita biyu ko fiye, za ta narke ta zama launi ɗaya mai laushi. Idan tana manne da shi, tsinkaye za su yi ta gittawa. Sau da yawa gusawa kamu ɗaya hagu ko dama, ko ɗan durƙusawa, yana sauya baya daga taɓo mai ƙyalli zuwa koren shinkafa.

Da sassafe, musamman da sanyin kaka, mazari ba ya iya tashi sai jikinsa ya ɗumama. Ka neme shi a cikin dogayen ciyayi 'yan taku kaɗan daga ruwa, wani lokaci da raɓa a fikafikansa. A nan ne waya da lens na makro ke cin kasuwarsu, domin za ka iya matsowa har kamu ɗaya. Daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya suna kan tsinkayensu suna farauta. Da tsakar rana za ka ga wasu sun ɗaga jela sama tsaye suna nuna rana, dabara ce ta rage zafin da ke dukan jikinsu, kuma hoto ne mai kyau duk da hasken lokacin ba shi da daɗi. Idan ka ga biyu a haɗe sun yi zobe, barbara ce, kuma a lokacin ba su cika kula da mutum ba.

Ɗaukar mazari a sama sai an yi haƙurin asarar hotuna da yawa. Ka lura da inda mai sintiri ke tsayawa cak a iska, yawanci wuri ɗaya yake maimaitawa yana fuskantar iska. Ka kashe fokas na oto, ka saita da hannu a kan wani kara mai nisa daidai da wurin, sauri 1/2000 ko fiye, f/8, ka rage zuƙowa zuwa 200mm don ka iya samunsa a cikin firam.

Tsuntsayen ruwa

Kowane tsuntsu yana da iyakar kusancin da yake yarda da shi. Balbela da taka-bado suna da sauƙin kai, zalɓe da dinya da gauraka tun daga nesa suke tashi, musamman inda ake harbinsu. Alamar ka kai iyaka ita ce tsuntsu ya daina kiwo ya miƙe wuya. Kirinjijiya duk garken ne ke ɗaga kai lokaci ɗaya su fara fito. Da ka ga haka ka tsaya, ka sunkuyar da kai, ka kau da fuska, sai sun koma kiwo. Ka kuma yi hattara da zakaran ƙeƙuwa, shi ne ɗan sanda a fadama, da ya gan ka zai tashi yana kururuwa ya tona maka asiri ga kowa. Idan ya dage yana kewaya kanka yana kawo sura, ƙwai ko 'ya'yansa na ƙasa kusa da ƙafarka, ka ja da baya ka bi wata hanya, kana duba inda kake takawa.

Abin da ya fi bi shi ne zama. Ka je da yamma kwana ɗaya kafin, ka ga inda suke kiwo, ka lura da sawu da kashi da gashin da suka zubar a taɓo. Washegari ka zauna a nan tun da duhu, rana a bayanka, wato kana fuskantar yamma, jikinka a jingine da kachalla ko wani kurmi don kada siffarka ta fito a sarari. Zanan kara biyu da aka kafa aka bar 'yar kafa ta lens sun isa maɓoya. Bayan minti ashirin zuwa talatin ba motsi, tsuntsaye sukan manta da kai. Tsuntsayen da suka saba da masunta da manoma ba sa tsoron mai tafiyarsa yana harkar gabansa, wanda ya tsaya ya zuba musu ido suke gudu. Saboda haka idan dole ka matsa, kada ka nufe su kai tsaye, ka bi ta karkace kamar wucewa za ka yi.

Ka sauko ƙasa. Hoton da aka ɗauka a tsaye yana nuna bayan tsuntsu da taɓon da ke ƙarƙashinsa. Wanda aka ɗauka a kwance, lens a kan buhun wake dab da ƙasa, yana sa ruwan gaba da na baya su narke, tsuntsun ya fito shi kaɗai ido cikin ido. Ka shimfiɗa buhu ko tabarmar roba. Ka jira ya juyo da kai har ɗigon hasken rana ya bayyana a idonsa, in babu wannan ɗigon idon kamar na gawa yake fita.

Ga tsuntsun da ke tsaye, buɗe ƙofa zuwa f/5.6 ko f/6.3, sauri 1/800. Yawancin lens masu arha suna ɗan yin laushi a ƙarshen zuƙowarsu, tsukewa zuwa f/8 na gyara wannan idan haske ya isa. Zalɓe mai saran kifi yana bukatar 1/2000, kuma yana ba da sanarwa: zai daskare, ya karkata kai, ya lanƙwasa wuya a hankali. Ka fara ɗauka tun a nan, idan ka jira ka ga saran ka makara. Taka-bado kuma a ƙafa labarinsa yake, waɗannan dogayen yatsun da yake taka ganyen bado da su, don haka ka jira ya ɗaga ƙafa ɗaya. Idan ka ga ƙananan ƙafafu na reto a ƙarƙashin fiffikensa, uban ne ya ɗauko 'ya'yansa, domin a wurinsu namiji ke reno.

Farin tsuntsu yana ruɗin kyamara. Idan balbela ko kwasakwasa na gaban ruwa mai duhu, kyamara za ta ƙara haske don duhun, farin ya ƙone, gashin ya ɓace, kuma ba a dawo da shi a kwamfuta. Ka rage zuwa -0.7 ko -1, ka kunna alamar nan da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙyaftawa a allo. Tsuntsu mai duhu a farin sama kuwa akasin haka ne, sai ka ƙara +1 ko fiye, in ba haka ba inuwa kawai za ka samu.

Ga mai tashi, sa fokas mai bi, wato AF-C a Nikon da Sony, AI Servo a Canon, sauri 1/1600 zuwa 1/2500, ɗauka a jere. Ka kama tsuntsun tun yana nesa, ka bi shi da juya ƙugu ba hannu kaɗai ba, kada ka tsaya bayan ka danna. Manyan tsuntsaye suna tashi su sauka ne suna fuskantar iska. A hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, rana ma da safe tana gabas, don haka wanda ya ba su baya duka biyun, tsuntsu zai taso yana fuskantarsa da haske a ƙirji. Da yamma lissafin ya juye, sai dai ka nemi hoton inuwarsu a jan sararin faɗuwar rana.

Idan hotuna na fita a dushe alhali saitinka daidai ne, duba abu biyu kafin ka zargi lens. Daga wajen ƙarfe goma iska mai zafi na tashi daga ƙasa tana rawa, duk abin da ke nesa da mita talatin ko arba'in sai ya narke, kuma ƙara zuƙowa ƙara ta'azzara shi yake. Na biyu hazo, wanda ke wanke launi. Ranar da ya yi kauri ka bar na nesa, ka koma kan na kusa da mazari, domin a kusa hazo taimako ma yake yi, yana tausasa rana.

A kwalekwale ba a kafa sandar kyamara. Ka zauna a ƙasan jirgin, gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, kada saurin ya gaza 1/1000. Ka yi magana da mai tuƙi tun a gaɓa cewa idan ka ɗaga yatsa ya daina tuƙi ya bar jirgin ya sulale da kansa, kuma ya bi ta gefen da rana za ta kasance a bayanku. Kyamara ta zauna cikin leda duk lokacin shiga da fita, nan ne aka fi yin ɓari.

Mutane, lafiya da kula da kaya

Fadama tana da masu ita. Ka fara gaida mai unguwa ko bulama, da sarkin ruwa idan za ka shiga jirgi, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nuna musu hotuna a allo. A wuraren da hukuma ke karewa kamar Dagona da Baturiya sai da izinin ma'aikatan wurin, kuma ɗan jagora na gari ya san inda tsuntsaye suka koma a wannan makon. Ka tambayi halin tsaron hanya kafin ka tashi. Kada ka taka kunyar shinkafa ko ka taɓa komar wani, kada ka juya lens wajen da mata ke wanki ko wanka, kuma a bakin dam da gada ka nemi izinin masu gadi, dogon lens yana jawo tambaya.

Kada ka shiga ruwan da ke kwance da ƙafa tsirara. Tsutsar tsargiya daga katantanwar ruwa take fitowa ta huda fata, ba sai an sha ruwan ba. Takalmin roba mai tsayi zuwa gwiwa yana kare wannan da matsattsaku, yana kuma rage haɗarin maciji a cikin ciyawa. Idan kana shafa maganin sauro mai sinadarin DEET ka wanke tafin hannu kafin ka riƙe kyamara, yana cin roba.

A hunturu kada ka cire lens a fili, ka ɗaura wanda za ka yi aiki da shi tun daga gida. Idan ka dawo, ka fara hure ƙura kafin ka goge gilashi, domin goge shi da ƙura a kai kamar goge shi da yashi ne. Da damina kuma laima ce abokiyar gaba: ka fitar da kayan daga jaka su sha iska, sannan ka ajiye su a roba mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, in ba haka ba fumfuna za ta yi saƙa a cikin lens, kuma cire ta sai an kwance shi gaba ɗaya.